Ruwan da Baba Bai Sha Ba

Duk wanda yake da tsoho a gida, musamman tsohon da ke shan magani kullum kuma yake hawa motar haya, ina roƙon ya ba ni aron hankalinsa. Ni ba ma'aikaciyar asibiti ba ce. Ɗinki nake yi a ƙofar ɗakina a unguwar Hashimi, nan Suleja, kuma abin da zan faɗa a kan surukina ya faru, mahaifin maigidana, wanda muke kira Baba. Na daɗe ina juya maganar a raina, don ba irin wadda mace ke yi a kan surukinta ba ce. Da na shawarci maigidana sai ya ce in rubuta, tunda ba Baba kaɗai ke yin abin da ya yi ba.

Baba manomi ne a wani ƙauye gaba da Funtuwa. Dogo ne, ba ya son hayaniya, ga tsabta kamar me. Farar rigarsa sai ta wuni a jikinsa ka rantse yanzu aka karɓo ta daga wajen mai guga. Ya daɗe da hawan jini, daga baya kuma aka ce zuciyarsa ta yi rauni, aka ƙara masa magunguna. A cikinsu akwai wata 'yar farar ƙwaya da shi da kansa ya raɗa wa suna "mai kora", domin in ya sha ta da safe, to shi da bayan gida ne har azahar. A ƙauye wannan ba wani abu ba ne. Gidansa ne, kewayensa ne, ba mai sa masa ido.

Walimar saukar Alƙur'ani ta 'yarmu ce ta kawo shi, cikin damina. Maigidana direba ne a wani ofis a Abuja, yana fita tun gari bai gama wayewa ba. Ya so ya je ya ɗauko shi, ba a ba shi dama ba, sai Baba ya hau motar haya shi kaɗai. Ya bar gida bayan sallar asuba, bai iso mana ba sai gab da magariba, saboda aikin hanya da cunkoso. Daga baya muka ji yadda ya zauna: a kujerar baya, a matse tsakanin mutane, da ƙullin waken da ya kawo mana tsaraba a kan ƙafafunsa don but ya cika.

Na durƙusa na yi masa sannu da zuwa, na ce ina gajiya, ya ce ba gajiya. Amma leɓunansa sun bushe sun yi fari, kuma da ya tashi shiga ɗaki na ga yana ɗan jan ƙafar hagu. Na kai masa ruwa mai sanyi a kwanon sha, ina tsammanin mutumin da ya wuni a mota zai shanye ya nemi ƙari. Kurɓa ɗaya ya yi ya ajiye.

Dole in faɗi yadda gidanmu yake, don a nan matsalar ta sami wurin zama. Gidan haya ne mai iyali da yawa, bayan gida ɗaya a can ƙarshen tsakar gida. Ɗakin da muka gyara wa Baba yana kusa da ƙofar shigowa. Duk wanda zai zaga daga nan sai ya ratsa matan gida suna girki da wanki, sannan ya wuce ta gaban keken ɗinkina, inda nake zaune tun safe har yamma. Mu da muka saba, ko ɗaga kai ba ma yi.

An yi walima lafiya, baƙi suka watse, Baba ya ce zai ɗan kwana biyu ya huta kafin ya koma. A makon nan na farko na fara ganin abubuwan da ban gane musu ba. Ruwan da na kai masa da safe shi nake ɗaukowa da yamma, bai ragu da abin kirki ba. Shayi ma sai ya ci burodin ya bar ruwan. Ban taɓa ganin ya wuce ta gabana da buta ba, sai dai ya fita masallaci tun ladan bai kira ba, ya daɗe bai dawo ba. Na gaya wa maigidana, ya ce, "Baba ne fa. Haka yake, bai cika shan ruwa ba." Yana faɗa yana hamma, na ƙyale shi.

Takalmi ne ya fara ba ni tsoro. Ina shara a ƙofar ɗakinsa na ga sau-cikinsa na hagu an take masa dunduniya ya kwanta, na dama kuwa yana tsaye lafiya lau. Baba ba mai take takalmi ba ne. Bayan kwana kaɗan ya daina sa shi gaba ɗaya, ya koma silifas ɗin maigidana, shi ma yatsu kawai ke shiga. Wanda bai san tsakanin mace da surukinta ba zai ce me ya hana ni tambaya. Ni da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, in zai gode mini ma sai dai ya ce wa yara, "A gaya wa mutanen gida an gode", ta ina zan fara ce masa ya ɗage wando in ga ƙafarsa?

Ranar Asabar na tsare maigidana na ce yau ba inda za shi sai ya duba. Ya shiga, ya jima, ya fito fuskarsa ta sauya. Ya ce duka ƙafafun sun kumbura, amma ta hagu ta kusa yin biyun ta dama, tana sheƙi, ga zafi in ka taɓa. Ya ce asibiti, Baba ya ce gajiyar mota ce, shi ba inda za shi. Da aka rasa yadda za a yi da shi sai aka kira ƙanwarsa, Gwaggo Asabe, da ke aure a Sabon Wuse, wai ko zai ji maganarta.

Gwaggo ta iso da man zafi a jakarta, kuma tun kafin ta zauna ta yanke hukunci. Ta ce sanyin damina ne ya shige shi a mota, jini ya kwanta, gashi yake so. Sauran dangi ma ba a bar su a baya ba, waya ta yi ta shigowa. Wannan ya ce tafarnuwa da zuma, wancan ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho ya zuƙe mataccen jinin, wani kuma a masallaci ya ce ko dai Baba ya taka wani abu ne a tasha. Ni dai aka ce in dafa ruwa, na dafa. Safe da yamma Gwaggo na tsoma tawul tana gasa ƙafar, sannan ta shafa mai ta matsa da iya ƙarfinta, daga idon sawu ta turo sama har cinya. Daga waje ina jin Baba yana salati ƙasa-ƙasa.

Maƙwabciyata Maman Rahila, malamar firamare ce daga wajen Kafanchan, ta hango ƙafar wata rana da iska ta ɗage labule. Ta zo wajen kekena ta rage murya.

"Maman Abba, wannan ƙafa ba na gida ba ne o. Abeg ku kai shi asibiti. Ni ban san sunan ciwon ba, amma ban so yadda yake ƙyalli ba."

Gwaggo ta jiyo ta daga ciki. "Malama, mu muka gasa masu jego tun ba a haife ki ba. Ki bar mu da ɗan'uwanmu."

Maman Rahila ta ce a yi haƙuri, ta koma ɗakinta. Ni kuma na ci gaba da taka keke, har na karya allura a kan ɗinkin da ba shi da wata wahala.

A mako na uku Gwaggo ta ce kumburin ya fara sauka, ta tattara ta koma gidanta tana cewa ai ta faɗa. Ni ban ga ƙafar ba, ba zan ce ƙarya ta yi ba. Abin da na sani shi ne tari ya fara. Busasshen tari ne, gajere, ba majina. Baba ya daina fita masallaci. Yara suka ce a zaune yake salla, kuma ya tara filo ya jingina, ba ya iya miƙewa a shimfiɗa. In na tsayar da keke don in sa zare, sai in jiyo numfashinsa daga wancan ƙarshen gidan, sama-sama, kamar na wanda ya hau tudu da kaya. Ruwan kwano kuma yana nan yadda yake. Maigidana ya ce Asabar mai zuwa ko da ɗauka ne sai ya kai shi. Ba mu kai Asabar ɗin ba.

Bayan la'asar ne, yara sun tafi Islamiyya, gida ya yi shiru, na ji faɗuwar kwano. Na je ƙofar na yi sallama, ba amsa, sai wata irin shaƙar iska. Na sake yi, sannan na ɗaga labulen na shiga, abin da ban taɓa yi ba. Yana jingine da bango, zufa ta jiƙa farar rigar, hannunsa dafe da ƙirji, leɓunansa sun yi duhu. A hankicin da ke cinyarsa akwai ɗigon jini. Na ce, "Baba, sannu, yaya jikin?" don ban san abin da zan ce ba. Ya ɗago hannu ya ce, "Da sauƙi."

Na ƙwala wa Maman Rahila kira. Ita ta tsayar da mai napep, su biyu suka kama shi. Ni na wawuro ledar magungunansa daga cikin jaka, a hanya na buɗe don in ga abin da zan nuna wa likita. Sauran magungunan duk an ɓare su sun yi nisa. Katin "mai kora" kuwa yana nan cif, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Ba zan kama sunan asibitin ba, don akwai waɗanda zan gode wa a cikinsa har in mutu, akwai kuma waɗanda na bar su da Allah. Mutum yana neman numfashi a kan benci aka ce sai an yanki kati. Na bi layi. Da na iso gaban tagar, mai yankan katin ko kallona bai yi ba, ya ce sunan mara lafiya.

Na ce, "Baba."

"Hajiya, Baba ba suna ba ne. Kowa a bencin can Baba ne."

Wallahi bakina ya ƙi buɗuwa. Sunan da ban taɓa furtawa ba tun da aka kawo ni gidansu, sunan da saboda shi nake kiran ɗana Abba. Maman Rahila ba ta san shi ba. Waɗanda ke bayana a layi suka fara tsaki. Ina tsaye sai na ji muryar Baba daga benci, yana faɗin sunansa da kansa, gutsure-gutsure, yana tsayawa neman iska a tsakani. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina da na al'adar gaba ɗaya.

Wata nas mai jiki, Allah ya saka mata da alheri, ita ta zo wucewa ta ga leɓunansa, ta daka wa masu tura gado tsawa, aka shige da shi ba a jira kati ba. Tukunyar iskar farko da aka jawo ba komai a cikinta, sai da aka nemo wata daga ɗakin haihuwa. Daga nan aka fara aikena: safar hannu, sirinji, auduga, kowanne sai na fita bakin titi na sayo.

Likitar mace ce, siririya, Bayarabiya, amma Hausarta ta Suleja ce tsaf. Ta duba ƙafar, ta saurari ƙirjin, ta juyo ta dube mu.

"Wa ya matsa masa wannan ƙafar?"

A lokacin maigidana ya iso da rigar aiki a jikinsa. Ta ce in ba su wuri, ta zauna da shi da Baba, suka daɗe. Da maigidana ya fito sai ya tsaya kusa da ni a baranda, yana kallon ƙasa, ya ba ni labari.

Ashe tun ana saura kwanaki ya taso Baba ya ajiye "mai kora". Ruwa kuwa tun jajibirin tafiyar ya daina sha. Dalili shi ne, a wata tafiya da ya yi bara ya roƙi direba ya tsaya masa, an tsaya, ya sake roƙo, sai wani matashi a motar ya ce a saya wa Baba famfas mana a huta, mota ta kwashe da dariya. Bai gaya wa kowa ba, amma ya ƙudurta ba za a sake ba. Ranar da ya zo mana, in ban da salla, bai sauka daga motar ba. Da ya iso kuma ya ga inda bayan gidanmu yake, ya ga inda nake zama, sai ya ci gaba da abinsa. Ba zai yi ta zirga-zirga da buta a gaban matar ɗansa ba.

Na ji tausayinsa, na kuma ji kamar in shiga in yi masa irin faɗan da nake yi wa Abba. Mutum yana wuni da ƙishirwa a gidana, mako da makonni, saboda ni, ina zaune ina ɗinka wa mutane kayan biki. Ai keken ɗinki ba dutsen Zuma ba ne. Da ya furta, ko ta bakin yara ne, ɗauke shi zan yi.

Washegari aka tura mu Abuja ɗaukar hoton ƙafa da na ƙirji, don na'urarsu ta lalace. Wata tafiyar ce kuma, a motar asibiti, da tukunyar iska a gefensa, muka maƙale a cunkoson Zuba direba yana ta jiniya ba mai kaucewa. Can ma muka tarar da layi. Da sakamako ya fito likita ta yi mana bayani, kuma maganarta ta zauna mini daram. Ta ce jini ba ya son zama wuri ɗaya. In tsoho ya wuni a naɗe a mota, ba motsi, ba ruwa a jiki, sai jinin ya yi kauri ya daskare a jijiyar ƙafa kamar kunun da ya kwana. Gudan da ya daskare shi ne ya ɓalle ya tafi har huhu. Barin maganin fitsarin kuma ya sa ruwa ya taru masa a ƙafafu da ƙirji, zuciya tana ta wahala. Ta ce, "Ƙafar da ta kumbura fiye da 'yar'uwarta bayan tafiya, ba a gasa ta, ba a matsa ta. Da gudan da ya tashi ya fi wannan girma, da ba nan kuka kawo shi ba."

Mun yi sama da mako biyu a kwance. Allura ake yi masa a fatar ciki safe da yamma, mai tsadar da ba na son tunawa. Adashina na roƙa aka ba ni kafin lokacina, abokan aikin maigidana suka yi karo-karo, matan cocin su Maman Rahila suka aiko da kular abinci ba tare da sun san mu ba. Wasu dangin da suka fi kowa yawan shawara a waya kuwa, da aka zo nan sai layinsu ya daina shiga.

Gwaggo Asabe ta dawo. Maigidana ya gaya mata abin da likita ta ce, ta zauna a bakin baranda ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe. Daga ranar ba ta ƙara ba da shawara ba, ita ce kuma ta ɗauki aikin da ba zan iya ba, su robar fitsari da wanka da sauya kaya. Ba na riƙe ta da komai. Abin da ta gada ta yi, kuma da ƙauna ta yi shi. Ni nawa girki ne marar gishiri da jigila. Nas-nas suna auna fitsarinsa kullum. In sun shigo suna tambaya da ƙarfi, "Baba, yau sau nawa?", sai ya juya fuska bango, ni kuma in fice.

Akwai ranar da na ɗauka shi ke nan. Mutumin gadon da ke kusa da shi, wanda suke ɗan taɓa hira, ya cika da rana tsaka. Aka ja labule, aka fitar da shi, aka sauya zanin gado, Baba yana kallo. Da yamma numfashinsa ya sake rikicewa, aka mayar masa da iska, likita ta ce a kira maigidana daga wajen aiki. Na zauna a baranda ina jin hucin tukunyar iskar, ina tunanin da wane baki za mu gaya wa Inna, matarsa, da ke can ƙauye tana jiran ya dawo daga walima. Allah bai yi ba. Bayan kwana biyu Gwaggo ta fito tana murmushi, ta ce wai in ji Baba, a tambayi mutanen gida ko gishiri ya ƙare ne a Suleja.

Aka sallame mu da ƙwayar tsinka jini, da gargaɗin ba ƙaho, ba askin wanzami, ba jiƙe-jiƙe, don ko ɗan yanka ne jinin zai yi wuyar tsayawa. Kafin ya dawo na shigar da kekena ɗaki, matan gida suka matsar da murhunansu, muka ɗaura igiya muka rataya tsofaffin zannuwa tun daga ƙofarsa har bayan gida. Tun da ya ga aikin, ruwan kwano ya fara raguwa. A kwanakin ne na shiga tambayar tsofaffin da ke zuwa duba shi yadda suke yi in za su hau mota. Abin ya firgita ni. Kusan kowannensu sai ya yi dariya ya ce ai ba a shan ruwa ranar tafiya. Har mahaifiyata, da na kira ta, cewa ta yi, "To da me kike so in yi, in tsayar da mota cike da maza?"

Sai kuma wata sabuwa: Baba ya ce gida zai tafi. Aka ba shi haƙuri, ya yi makonni, ya sake tayarwa. Ya rage cin abinci, ya ce wa ɗansa a fili shi ba zai mutu a gidan haya ba. Muka koma wa likita. Ta gindaya sharuɗɗa, kuma su nake so mai karatu ya riƙe ko da ya manta da sauran surutuna. Kada ya tafi shi kaɗai. A ba shi gidan gaba inda zai miƙe ƙafa, ba kaya a kansa, ya riƙa motsa sawunsa yana zaune. Magani da takardar asibiti a aljihunsa, ba a but ba. Ƙwayar jini a kan lokacinta. "Mai kora" ta yarda ya jinkirta ta ranar kawai, ya sha in ya sauka, amma ba a ajiye ta don ra'ayin kai. Ya riƙa kurɓar ruwa, kuma kada a yi nisa ba a tsaya ya sauka ya taka ba. Ta dubi Baba ta ce, "In ka sake irin zaman wancan karon, ban ce za ka isa ba."

Ya ce to. Ni kuwa na san wannan "to" ɗin. Na san zai gwammace ya cika a kan kujera da ya ce wa direba ya tsaya. Maigidana ya cinye hutunsa a jinya har an fara yi masa barazana a ofis, Gwaggo kuma gwiwoyinta ba sa kai ta nesa. Tafiya ta faɗo kaina, na shirya abin da zan yi ban gaya wa kowa ba.

Muka tashi da safe daga tasha, Baba a gaba shi kaɗai, ni a bayansa daidai. Hadari ya rufe kan dutsen Zuma. Muna wuce Sabon Wuse kaɗan na ce, "Direba, don Allah a ɗan tsaya, zan zaga."

"Haba Hajiya, yanzu fa muka taso."

Ya tsaya yana gunaguni. Na sauka na buɗe ƙofar gaba na ce, "Baba, tunda an tsaya, ko za a ɗan miƙe ƙafa?" Ya sauko kamar alfarma yake yi mini. Da buta biyu na zo, na ajiye ɗaya a gefen mota, na shiga bayan wata bishiya na tsaya ba abin da nake yi. Da na dawo butar ba ruwa, Baba yana takawa a hankali a gefen titi.

Haka na sake yi kafin mu shiga dajin da ke gaba da Jere, inda kowa ya san ba a tsayawa. A cikin dajin motar ta yi tsit, kowa bakinsa na motsi da addu'a. Wata tirela ta faɗi a gaba, muka yi ta rarrafe, idon kowa yana kan daji, nawa yana kan ƙeyar Baba. Muna fita na sake tsayar da su, a Kaduna kuma aka yi salla. Zuwa lokacin duk motar ta san ni, ko gyaran murya na yi sai a ja tsaki. Na nemi a tsaya a Zariya, direba ya yi kamar bai ji ba.

Rana ta yi sanyi, direba ya take mota, ya ce shi ba zai bari duhu ya same shi a hanyar Funtuwa ba. Na lura gorar ruwan da ke hannun Baba ba ta ƙara raguwa ba tun Kaduna. Sawunsa sun daina motsi. Zufa na gangarowa ta bayan kunnensa, ya damƙe mariƙin da ke saman ƙofa har jijiyoyin hannunsa sun tashi. Sai na ji gajeren tarin nan. Na matsa gaba na yi wa direba magana.

"Direba, a tsaya."

"Wallahi ba zan tsaya ba. Ki riƙe."

"Ba zan iya riƙewa ba."

Wani mai babbar waya da ke gefena ya ce, "Wai baiwar Allah famfo kika haɗiya ne?" Aka yi dariya. Wata dattijuwa a baya ta ce in ji tsoron Allah, in aka tare mu a nan wa zan ce ya jawo. Direba ya ce a miƙa mini leda. A gaban surukina ake faɗa mini wannan. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na ɗaga murya na sake cewa a tsaya, har ina miƙa hannu ina dukan bayan kujerar direba.

"Direba."

Muryar Baba ce. Bai juyo ba, gabansa yake kallo.

"Ka tsaya. Yarinyar nan ba abin da take ji. Tun daga Suleja ni ne. Ni ne mai fitsarin. Na tsufa, ba ni da lafiya, ba na iya riƙewa. Mai dariya ya yi da ni, ku ƙyale ta."

Direba ya rage gudu, ya gangara a wani ƙauye na bakin hanya inda mata ke gasa masara. Mai babbar wayar ne ya riga ni sauka ya buɗe masa ƙofa. Baba ya bi ta gaban mutanen nan duka yana jan ƙafa, kansa a ɗage. Ya daɗe, ba wanda ya danna hon. Da ya dawo ya zagaya motar a hankali, ya tsaya ya sha ruwa a gaban kowa, sannan ya shiga.

Mun isa Funtuwa da sauran haske, ƙanen maigidana yana jiranmu da mota. Baba yana nan da ransa yanzu da nake wannan rubutu. Ƙafar dai ba ta koma daidai ba, likita kuma ba ta ɓoye mana cewa abin yana iya dawowa ba, shi ya sa duk wayar da ta shigo daga ƙauye sai na yi salati kafin in ɗauka.

A tashar, ina sauke jaka, dattijuwar nan ta baya ta riƙo hannuna ta ce in yafe mata. Ta dubi Baba yana takawa zuwa ɗaya motar, ta dube ni.

"Mahaifinki ne?"

Na ce mata e.